Firji mai ƙofofi gefe da gefe ko matsakaicin firji da dif firiza: wanne ya dace da gida a Kaduna?

Saura wata biyu bikin 'yar yayata muka fara zagayen kayan ɗaki. Gado da kujeru ba su ba mu wahala ba. Firji ne ya tsayar da mu, domin amarya ta riga ta ƙwallafa rai a kan irin wanda ke kicin ɗina, dogon nan mai ƙofofi biyu da ake wangalewa kamar wadirof. "Anti, ni dai irin naki nake so," in ji ta. Shekara biyar ke nan ina amfani da nawa, na san daɗinsa, na kuma san abin da yake buƙata kafin ya yi wa mutum aiki. Sai na ce mata ta dakata tukuna, mu fara leƙa gidan da za ta tare.

A kasuwa sunaye na rikita mutane. In kun ce wa mai shago kuna son "mai ƙofa biyu", yawanci wanda aka saba zai nuna muku, mai ƙaramar ƙofar firiza a sama da babbar ƙofa a ƙasa. Wanda nake magana a kai daban ne. A kwalinsa ana rubuta side-by-side, ƙofofinsa biyu dogaye ne tun daga sama har ƙasa, ta hagu siririya ita ce firiza, ta dama mai ɗan faɗi ita ce firji. Akwai kuma wani da ke kama da shi daga nesa, mai ƙofa uku ko huɗu, wanda samansa duka firji ne mai faɗi, firizarsa na ƙasa. Hanyar rarrabewa mai sauƙi ce: ku buɗe ƙofofin biyu. In akwai bango a tsaye a tsakiya daga sama har ƙasa, to gefe da gefen ne.

Wannan bangon na tsakiya shi ne abin da mutane ba sa lissafawa. Daga waje firjin ƙato ne, faɗinsa kusan santimita 90, tsayinsa wajen 178, kaurinsa daga gaba zuwa baya tsakanin 65 da 75, cikinsa kuma lita 500 zuwa 650 gwargwadon samfuri. Lita mai yawa ce, amma an tsaga ta gida biyu a tsaye, kuma firiza kan samu wajen kashi ɗaya cikin uku ne ko sama da haka kaɗan. Ranar da muka shiga wani shago a titin Ahmadu Bello, Yaya ta zo da tiren da take jera sambusa da murfin babbar tukunyarta ta miya a cikin jaka. Mai shagon ya yi mamaki, ya ce, "Hajiya, ai wannan komai zai ɗauka." Ta ce, "To bari mu gani, ɗan nan." Murfin ya shiga ɓangaren firji da ƙyar. Tiren kuwa ya ƙi shiga firiza ta kowace fuska sai an karkata shi, kuma sambusar da ba ta daskare ba ba a karkata ta. Na sa tef ɗin tela na auna: cikin firizar santimita 31, cikin firjin 43.

Ku tuna irin abincin da muke adanawa. Cinyar rago bayan layya, kason naman watanda, bokitin markaɗen tumatir da attaruhu da ake yi lokacin da kwando ya yi araha, jarkokin zoɓo da kunun aya da azumi, ƙullin ƙanƙara. Duk manyan kaya ne. Firjin gefe da gefe ya fi jin daɗin kayan da aka rarraba a ƙananan robobi da leda, kowanne a kantarsa. In ke mai yanka nama ce ki ƙulla na kowane girki daban, ki zuba miya a robobi masu murfi, za ki ji daɗinsa ƙwarai, don komai na gaban ido, babu sunkuyo, babu tono. A dif firiza kuwa abin da ya faɗa ƙasa sai an kwashe na sama kafin a kai gare shi, wani lokaci ma a manta da shi wata da watanni. Wannan babban bambanci ne ga tsofaffi da masu ciwon baya, kuma ba na raina shi.

Sai dai duk wannan magana ce ta biyu. Ta farko ita ce wuta.

Hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta kasa masu amfani da wuta rukuni biyar. A ƙa'ida Band A na samun aƙalla awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E kuma awa 4. Ku duba rukunin gidan, amma kada ku tsaya nan. Ku tambayi maƙwabta, musamman mai sayar da ruwan sanyi a bakin layi, don shi ya fi kowa sanin ƙarfe nawa ake kawowa, ƙarfe nawa ake ɗaukewa, da kuma ko tana zuwa da ƙarfi ko sai dai ta kunna ƙwan fitila ja-ja. A Kaduna layi biyu na iya zama kusa da juna a Tudun Wada ko Kawo, wannan na kwana da wuta wancan na kwana a duhu.

Dalilin da ya sa na nace a kan wannan shi ne yadda firjin ke aiki. Kusan duk masu gefe da gefe irin waɗanda ba sa tara ƙanƙara ne. Fanka ce ke hura sanyi daga bayan bango zuwa cikin, sannan lokaci-lokaci wata hita ta kunna kanta ta narkar da ƙanƙarar da ta taru a ɓoye. Abin sha'awa ne, ba kankare ƙanƙara, ba goge ruwa. Amma da zarar an ɗauke wuta fanka ta tsaya, kuma babu tulin ƙanƙara a bango da zai riƙe sanyi. Ƙari a kan haka, iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi. Duk buɗe doguwar ƙofa sai sanyin ya zubo ƙasa, za ku ji shi a ƙafafunku. Dif firiza murfinta a sama yake, in an buɗe sanyin na kwance a ciki kamar ruwa a randa, bangonta kuma yawanci ya fi kauri. Ma'aikatar Noma ta Amurka na ba da ƙiyasin cewa firji a rufe yana riƙe abinci lafiya na kimanin awa 4 bayan ɗauke wuta, firiza cikakkiya awa 48, wadda ke rabi kuma awa 24. A zafin Kaduna na Maris da Afrilu, ga yara na buɗewa neman ruwan sanyi, ku rage daga wannan lissafin. Waɗanda suka ga abin da ya faru a watan Oktoban 2024, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda a duhu, sun san gidajen da suka fara soya nama da rabar da miya tun kwana na biyu.

Ni abin da ya rufa mini asiri shi ne sola. In kuna tunanin ɗora firjin a kan sola, ga lissafin da ya kamata a yi da mai haɗawa. Takardar irin wannan firji kan nuna yana shan yunit 350 zuwa 500 na wuta a shekara, wato ɗaya zuwa ɗaya da rabi a rana, kuma a kicin mai zafi yana iya matsawa kusa da biyu. Kusan rabin wannan da dare ake sha, lokacin da babu rana. Batir ɗaya mai 200Ah da 12V yana ɗauke da kimanin yunit 2.4, amma in irin na ruwa ne rabi kawai ake so a ja don ya yi ƙarko. Kun ga ke nan firjin shi kaɗai ya kusa cinye batir guda kafin asuba, ba a yi maganar fanka da fitila ba. Masu mita a Band A kuma, an ɗaga musu kuɗin yunit zuwa naira 225 a Afrilun 2024, ko bayan ɗan ragin da aka yi a shekarar bai sauko ƙasa da 200 ba. Yunit ɗaya da rabi sau 30 yunit 45 ne, sama da naira 9,000 a wata a wancan farashin. Adalci shi ne a faɗi cewa matsakaicin firji da dif firiza in an haɗa su biyun ba lallai su sha ƙasa da haka ba. Ribarsu a wani wajen take: ana iya kashe ɗaya a bar ɗaya, dif firiza na jure wutar da ke zuwa tana tafiya, kuma in ɗaya ya lalace abincin gida bai tafi gaba ɗaya ba.

In an yanke shawarar gefe da gefen, a nemi wanda kwamfiresonsa, wato injin da ke samar da sanyin, irin na inbata ne. Tsohon samfurin kwamfireso yana fizgar wuta ninki da yawa a daidai lokacin tashi, shi ne za ku ji janareto ya yi nishi fitilu sun dushe. Na inbata a hankali yake tashi, ya riƙa ƙara gudu da ragewa gwargwadon buƙata, don haka ya fi dacewa da sola da matsakaicin janareto, ya kuma fi shiru. Rauninsa fanel ɗin lantarkin da ke sarrafa shi. Shekarata ta biyu da firjin, wata daminar aka yi tsawa da daddare, wuta ta dawo da ƙarfin da ya wuce kima, fanel ɗin ya ƙone. Mako uku muka yi muna jiran a kawo wani daga Legas. Tun daga ranar ban sake jona shi kai tsaye a bango ba. Sitabilaiza mai kyau, wadda ke jinkirta ba da wuta na minti uku zuwa biyar bayan an kawo, tana cikin kuɗin firjin, a lissafa ta tun a shago. Jinkirin yana ba gas ɗin da ke cikin bututu damar daidaita kafin injin ya sake tashi. A ba firjin soket nasa shi kaɗai, ban da jona shi da dutsen guga ko abin dafa ruwa a waya ɗaya. Firji na gargajiya mai firiza a sama da dif firiza kayan cikinsu ba su da sarƙaƙiya, kusan duk mai gyara a unguwa ya san su, kayan gyaransu kuma ba sa wahalar samu.

Akwai wata 'yar takarda da ake mannawa a cikin firji ko a bayansa, wadda ta fi duk bayanin mai shago amfani. Abu uku nake karantawa a kai. Na farko ajin yanayi: N na nufin an yi shi don ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 32 ba, ST har 38, T har 43. Garin da zafin bazara ke haura 35 a waje, balle kicin da ake girki a ciki, T ya kamata a nema, ko wanda aka rubuta SN-T. Na biyu ƙarfin wuta: tamu 230V ce da 50Hz, don haka a ga an rubuta 220–240V, 50Hz. Na uku irin gas ɗin: sababbi yawanci R600a ne, tsofaffi R134a. Ba a musanya su, kuma R600a yana kamawa da wuta, don haka aikinsa sai wanda ya san shi. A kan takardar ko littafin firjin ne kuma za ku ga lita iri biyu, jimillar girman ciki da ainihin wurin da kaya za su shiga. Ta biyun ita ce abin dubawa.

Wannan takarda ta fi muhimmanci ga mai son tokumbo. Manyan firjin da ake kwasowa daga Amurka na 115V ne da 60Hz, sai da taransifomar rage wuta, kuma ko da ita injin da aka yi don 60Hz ba ya gudu yadda aka tsara shi a kan 50Hz. Girman nasu da kubik fit ake rubutawa, kowane ɗaya kimanin lita 28. Na Ingila da sauran Turai wutarsu ɗaya da tamu, amma da yawansu don ƙasar sanyi aka yi su, sai a duba ajin yanayin. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: na hannu ba shi da garanti, in kuma fanel ɗinsa ya mutu samun irinsa sai an dace. Wanda ya ga dole sai shi, ya sa a kunna a gabansa ya zauna awa biyu ko uku, ya sa robar ruwa a firiza ya ga yadda take yi. A sababbi akwai LG, Samsung, Hisense, Haier Thermocool, Midea, Nexus da Scanfrost a kasuwa. Ba zan ce wannan ya fi wancan ba. Abin da nake tambaya shi ne shekara nawa garantin kwamfireso, shekara nawa na sauran jiki, kuma in ya samu matsala a nan Kaduna za a gyara ko sai an nemi wani daga Abuja ko Kano. A karɓi rasit da katin garanti mai hatimi.

Famfon ruwan da ke jikin ƙofa shi ya fi ɗaukar hankalin amare, kuma iri biyu ne. Akwai mai ɗan tanki a cikin ƙofa, lita uku zuwa huɗu, ana cikawa da hannu. Akwai wanda ake haɗawa da bututun ruwan gida, mai fitar da ƙanƙara. Na biyun yana son ruwa mai ƙarfi, yawanci bar (ma'aunin ƙarfin ruwa) ɗaya da rabi ko kusa da haka. Tankin sama kuwa kowace mita ɗaya ta tsayi kashi ɗaya cikin goma na bar take bayarwa, ke nan tankin da ke mita biyar a sama rabin bar kawai zai bayar. Ruwan zai riƙa zuwa ɗis-ɗis, injin ƙanƙara ya kasa cika, sai an sa ƙaramin injin tura ruwa. Ga matatar da ake canjawa duk wata shida, ga wurin da injin ƙanƙarar ke cinyewa a firizar da dama siririya ce. Ga gidan da ke shan ruwan bohol ta tanki, mai ɗan tankin hannu ya fi, ko ma marar famfon gaba ɗaya.

Batun awo kuwa, a fara daga ƙofar gida. Firjin da gefensa yake shiga, don haka kaurinsa ake gwadawa da faɗin kowace ƙofa da zai bi, a kuma kula da kwanar lungu da matakala, domin nauyinsa na iya kai kilo 100 ko fiye. Ana iya cire ƙofofin firjin a shiga da shi, amma masu famfo akwai waya da bututu a maƙalar, sai wanda ya iya. A wurin da zai zauna a bar masa aƙalla santimita biyar a baya da kowane gefe, da sarari a sama, don ta nan yake fitar da zafi. In gefe ɗaya bango ne, ƙofar wannan gefen na bukatar ƙarin wuri ta buɗe sosai, in ba haka ba durowa ba za ta zaro ba. Nesa da murhu, nesa da tagar da rana ke dukansa. A ɗauko shi a tsaye a a-kori-kura, a ɗaure, a bar shi ya huta awa huɗu kafin a kunna. In dole ta sa an kwantar da shi a hanya, a bar shi ya kwana ya yini a tsaye, man kwamfireso ya koma mazauninsa.

Kulawarsa ba ta da wuya, sai dai tana son a riƙa tunawa. Firji a sa shi a digiri 3 ko 4, firiza a 18 ƙasa da sifili. Hunturu na shiga na san aikina: in cire soket, a jawo shi gaba, in share ƙurar da ta toshe ragar da ke ƙasan bayansa da busasshen burushi. Ƙurar hunturun Kaduna laushi gare ta kamar garin alkama, tana lulluɓe bututun da ke fitar da zafi, sai injin ya yi ta gudu ba hutawa, sanyi na raguwa kuɗin wuta na ƙaruwa. Ina yi a farkon hunturu, in sake a ƙarshensa. Robar ƙofa ina goge ta da ruwan ɗumi da ɗan sabulu, sannan in gwada ta da takardar kuɗi: in maƙala naira ɗari in rufe ƙofa, in ja. In ta fito salin-alin ba tare da turjiya ba, robar ta saki a wurin, sanyi na zurarewa. Kada a cusa kaya har su toshe ramukan da iska ke fitowa a bangon baya, shi ke sa sama ta daskare ƙasa ta yi ɗumi. Abinci mai zafi a bari ya huce. In an ga ruwa na taruwa a ƙarƙashin durowa ko ƙanƙara ta shimfiɗu a ƙasan firiza, yawanci magudanar ruwan narkewa ce ta toshe, ƙaramin gyara ne. Kuma ina ajiye robobin ruwa huɗu ko biyar a daskare a kantar sama ta firiza. In wuta ta daɗe, sai in mayar da biyu ɓangaren firji.

Wata magana da wani tsohon mai gyara a Panteka ya faɗa mini, ta tsare mini kuɗi ba sau ɗaya ba. Ya ce, "Hajiya, gas ɗin firji ba man mota ba ne da zai ƙare. In ya ragu, to akwai inda yake yoyo." Duk wanda ya zo ya ce a ƙara gas ba tare da ya nemo wurin yoyon ya toshe ba, bayan 'yan watanni za a sake kiransa. Kuma a irin wannan firjin, rashin sanyi sau da yawa daga fanka ne ko hitar narkarwa ko na'urar jin sanyi, ba daga gas ba. Masu dif firiza kuma su guji kankare ƙanƙara da wuƙa. Huda ɗaya a bututu ta isa.

To wa ya kamata ya saya? A ganina, gidan da ke samun wuta awa 16 ko fiye, ko yake da sola mai isasshen batir, mutanensa biyar zuwa takwas, kicin ɗinsa da fili, kuma ana cefane mako-mako a ƙananan ƙulli, gefe da gefe zai yi masa daidai. Wanda ke da irin wannan wutar amma manyan tukwane da tire sun fi yawa a girkinsa, ya duba mai ƙofa huɗun nan mai faɗin sama, ko da yake yakan fi tsada. Gidan da wutarsa ba ta kai rabin yini ba, ko ake sayen nama da kayan miya da yawa lokaci guda, ko uwargida na sana'ar zoɓo da ƙanƙara, matsakaicin firji na lita 250 zuwa 300 da dif firiza ta lita 200 sun fi masa. Ranar da muka zaga, kuɗin gefe da gefe guda ɗaya mai suna ya isa ya sayi waɗannan biyun har da sitabilaiza.

Gidan amarya a Rigasa yake, ɗaki biyu da falo. Mun auna ƙofar kicin, santimita 72 bayan an cire kaurin ƙyaure. Gurbin da kafinta ya bari tsakanin kabad da bango 88 ne, bai ma kai faɗin firjin ba. Maƙwabciyarta mai sayar da ƙanƙara ta ce mana yawanci da dare ake kawo musu wuta, wani lokaci a tsallake kwana. Amarya ta tsaya shiru tana kallon tef ɗin a hannuna. Yaya ta dafa kafaɗarta ta ce, "'Yar nan, ki bari in Allah ya hore kuka sa sola, kuka samu wuri mai faɗi, sai a yi wancan." Ta ce, "To Umma, amma dai a saya mini mai ruwan toka, ba fari ba." Mun ɗauko mata mai firiza a sama na lita 260, ajin T, ruwan toka, da dif firiza ta lita 200 wadda aka ajiye a sito kusa da taga.